Tsintsiya Ce, Hajiya!

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, ƙanen matata da ke riƙe kyamara a wani gidan talabijin a Kano ya roƙe ni in je in cike musu kujera, domin za su ɗauki shirin kacici-kacici tsakanin taurarin finafinan Hausa, kuma 'yan kallo ba su isa ba. Na saɓa babbar riga, na kafa zanna bukar, na tafi in ga kaifin basirar mutanen nan ido da ido.

Tun kafin a kunna fitilu, wani saurayi mai abin saurare a kunne ya koya mana aikinmu: idan ya ɗaga hannun dama mu tafa, idan ya ɗaga na hagu mu yi dariya. Ban kawo komai a raina ba, har aka tambayi wani ɗan wasan barkwanci, "Baba na ɗaka, gemu na waje." Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, sannan ya ce ai mai gidan da yake haya ne, wanda ke leƙo taga duk ƙarshen wata. Na yi dariya har da ƙwalla. Ana cikin haka janareta ya mutu, da aka tayar da shi aka ce a maimaita, sai ga shirun nan, ga susar ƙeyar a daidai wurin da aka sosa ɗazu, ga mai gidan haya ya sake leƙowa. A lokacin ne na hango takardar da aka manna masa a gefen tebur.

Duk da haka, da aka tambayi wata jaruma, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," ta tattare goshi tana kallon rufi, har ta buɗe baki za ta ce ta ba da gari, tausayinta ya kama ni, domin ta iya nuna ruɗewa fiye da kima. Na miƙe na ce, "Tsintsiya ce, Hajiya!" Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Malam, yadda ka gane ta da wuri haka, da alama kai ke shara a gidanku." Zauren ya kaure da dariya, alhali saurayin nan bai ɗaga ko yatsa ba.

Darakta ya daka tsawa a dakata, ya nufo ni. Ni kuwa na tare shi da tarihi, na shaida masa cewa a Amurka a 1956 masu shirin gasar tambayoyi ta talabijin mai suna Twenty-One sun umarci ɗan takara Herbert Stempel ya kuskure tambayar da ya san amsarta domin abokin karawarsa Charles Van Doren ya hau, cewa Van Doren ya kwashi dala 129,000 kafin ya amsa a gaban kwamitin majalisa a 1959 cewa ana ba shi amsoshi, kuma tun 1960 shirya sakamakon irin wannan gasa laifi ne a dokar ƙasar. Ya saurare ni da haƙuri, sannan ya ce, "Alhaji, kyautarmu kwalin taliya ne, shi ma masu talla za su karɓi abinsu idan an tashi." Ya ƙara da cewa raddin da Hajiya ta yi mini ya fi duk abin da suka kwana suna rubutawa, saboda haka in daure in maimaita, kyamara ba ta kaina.

Nan fa ake yin ta. Maganar da ta fito da kanta ɗazu ta ƙi fitowa da umarni: wani zubin in riga tambayar, wani zubin in faɗe ta kamar mai karanta sanarwar rasuwa. Da dare ya yi, suka ari rigata da hulata suka sanya wa saurayin nan, suka ɗauke shi ta baya, ni kuma na zauna a lungu da 'yar shara ina tafi idan an ɗaga hannun dama.

Ran Sallah dangin matata kaf suka kalli shirin, kuma babu wanda bai shaida rigar ba, tunda su suka ɗinka mini ita. Na yi ta rantsuwa cewa ba ni ne a cikinta ba, ƙanen matata ya ƙi ba da shaida, washegari kuma surukata ta aiko yaro da sabuwar tsintsiyar kwakwa, ta ce a gaya mini wannan ba ta sa ciwon baya.