Kafin a sake yi wa makarantu fenti, dan Allah a tambayi malaman da ke ciki

Jama'a akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya game da makarantun gwamnati, musamman firamare. Duk shekara sai ka ji an ware kuɗin gyaran makarantu, an ba da kwangila, an zo da 'yan jarida an yanke kyalle, amma mutumin da yake tsayawa gaban allo tun takwas na safe har tashi, wanda ya san yaran nan da sunansu da na iyayensu, babu mai zuwa ya ce masa malam me ya fi damunka a ajin nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai ɗakin makaranta malamin aji ne.

Ku duba yadda kuɗin ma yake tafiya. Tun dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin matakin farko ga kowa, aka ce a riƙa ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya wa ilimin matakin farko, kuɗin yana hannun UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, a Abuja, jiha sai ta ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta kafin ta karɓa, sannan SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ta rubuta tsarin ayyukan da za ta yi ta miƙa a amince. Toh a wannan doguwar tafiyar daga Abuja zuwa hedikwatar jiha zuwa ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a ina malamar aji biyu take shigowa? Iyakarta fom ɗin ƙidayar makarantu da ake kawowa, shi ma hedimasta ne yake cikewa, a rubuta azuzuwa nawa, benci nawa, banɗaki nawa. Ƙidaya tana da amfani wallahi ban raina ta ba, amma fom zai gaya maka akwai banɗaki huɗu, ba zai gaya maka uku ba su da ƙofa ba, na huɗun kuma an kulle shi na malamai ne.

Akwai wata firamare a ƙaramar hukumarmu da yayata take koyarwa. Idan ka biyo ta titi sai ta burge ka, katanga ta sha fenti, ga sabon get, ga allon kwangila an kafe. Shiga ciki. Allon ajinta bango ne da aka shafe da siminti, ya yi fari fat ya tsattsage, yara ne suke goge shi da baƙin batir idan an samu, wanda ke zaune a baya ba ya ganin komai sai dai ya kwafa daga littafin na kusa da shi, kuskure a kan kuskure. Kwanon ajin kusa da su iska ta ɗaye gefe guda, da damina ta kankama sai a haɗe aji biyu a ɗaki ɗaya, yara har bakin ƙofa a ƙasa, ita kanta ba ta da wajen taka ƙafa ta zagaya ta duba rubutu. Ta ce min da an tambaye su, kuɗin fentin nan kwano za su ce a saya da allo, katanga ta jira. Kuma abin da ya fi ƙona mata rai 'yan matan aji biyar da shida, da an fita tara sai su ce za su je gida su kama ruwa, shikenan ba za su dawo ba sai gobe, saboda babu ruwa a makarantar kuma banɗakin ba ya shiguwa. Ta san su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke ofis zai ga rajista ya ce yara mata ba sa son karatu ko iyaye ne ke cire su, sai a shirya gangamin wayar da kai a buga riguna, alhali burtsatse ɗaya da ƙofofi uku ne maganin abin.

Haka za ka ga an kawo kwamfutoci makarantar da ko wayar lantarki ba a ja ba, suna nan a kwali a ofishin hedimasta. Ko littattafai a jibge a sito ba a raba ba, don an sa shi ya sa hannu a kan adadinsu kuma yana tsoron ranar da za a zo bincike a ce ɗaya ya ɓata. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, kuma da wani ya zauna da malaman na minti talatin da ya gane.

Mu tuna Kaduna. A farkon 2016 aka fara ciyar da 'yan firamare, yara suka yi ta kwarara makarantu, abin farin ciki ne ƙwarai, amma azuzuwa da malamai ba su ƙaru a dare ɗaya ba. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya yara 35 a firamare, kowa a nan ya san ajin da ya ninka haka biyu ko uku. Duk wani malamin aji zai iya gaya maka tun kafin a ɗora tukunya cewa za a buƙaci wajen zama, da ruwan wanke hannu, da tsarin da rabon abinci ba zai cinye darasi guda ba. Sai kuma 2017 lokacin El-Rufai da aka yi wa malamai kusan 33,000 jarrabawa aka ce 21,780 ba su ci ba, aka sallame su. Ba na zo kare wanda bai iya karatu ba ne ya tsaya gaban 'ya'yanmu, ni ma uba ne. Abin da na ɗauka a ciki daban ne: ashe idan gwamnati ta ga dama za ta iya kaiwa ga kowane malami ɗaya ɗaya, har na ƙauyen da mota ba ta zuwa, ta zaunar da shi ta ba shi takarda da biro. Tunda an iya yin haka don a gwada shi, za a iya yi don a ji ta bakinsa.

Ga maganar harshen koyarwa ma. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a ƙarshen 2025 aka ce an soke, a koma Turanci. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa, farfesoshi da 'yan siyasa da mu 'yan Facebook. Amma akwai malamai a Bauchi da Sakkwato da suka yi shekaru suna koyar da yara karatu da littattafan Mu Karanta, sun ga yaron da ya fara haɗa baƙi da wasali da Hausa da wanda aka fara masa da Turanci, sun san wanne ya fi saurin tashi da kuma inda ake samun tangarɗa idan an zo sauyawa. Irin waɗannan ya kamata a fara jin bakinsu kafin kowa. Malaman da na sani dai a rediyo suka ji an kawo, a rediyo suka ji an soke.

Na san abin da wasu za su rubuta min a ƙasa, wai idan ka tambayi malami ba abin da zai ce sai albashi da ƙarin girma. Eh zai faɗa, kuma gaskiyarsa ce, mutumin da ya yi shekaru a mataki ɗaya, yana tashi daga makaranta ya hau acaɓa don ya ciyar da gida, dole wannan ne farkon abin da zai fito daga bakinsa, kuma shi ma buƙatar makaranta ce tunda a aji ake ganin illarsa. Amma ka bar shi ya gama. Bayan albashi za ka ji ya ce yaran aji huɗu rabinsu ba sa iya karanta sunansu, a bar ni in ware musu awa ɗaya kullum. Za ka ji malama ta ce bitar da aka kai mu ta kwana uku a birni ba ita muke buƙata ba, a koya mana yadda ake riƙe aji mai yara ɗari. Za ka ji wani ya ce ranar kasuwa ajina rabi ne, a duba jadawalin. Ƙungiyar malamai ta ƙasa NUT tana nan tun 1931 tana fafutukar haƙƙin malamai, Allah Ya saka, amma wannan da nake magana a kai ba zaman ƙungiya da gwamnati ba ne, magana ce ta makaranta ɗaya ɗaya, don matsalar firamaren cikin Fagge ba ita ce ta wadda ke bakin daji a Birnin Gwari ba.

Kuma ba wani sabon abu za a ƙirƙiro ba fa. Kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, yana nan a takarda kusan ko'ina, da wakilin malamai a ciki, shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN da aka yi a Kano da Kaduna da Jigawa ya koya wa makarantu da dama rubuta tsarin ci gabansu da kansu, shirin AGILE na ilimin 'yan mata ma yana tura kuɗin gyara ta hannun irin waɗannan kwamitocin. Matsalar ita ce a zaman, ga mai unguwa ga liman ga hedimasta, ƙaramin malami ba zai buɗe baki ba, balle malama, kunya da girmamawa ba za su bari ba. Shi ya sa nake ganin malamai su fara zamansu su kaɗai a ƙarshen zango na uku, ba sufeto ba baƙo, kowa ya faɗi abin da ke hana yaransa koyo, a yi gardama, a tsayar da uku da suka fi muhimmanci a jere, na ɗaya na biyu na uku, don sanin wanne za a fara da shi idan kuɗi bai isa ba shi ne ainihin aikin. A kai wa SBMC, a liƙa kwafi a bangon makaranta iyaye su gani, sakataren ilimi ya tattara kafin a rubuta kasafin kuɗi ba bayan an gama ba. Sannan a dawo da amsa a rubuce, wannan za a yi bana, wannan sai baɗi, wannan ba zai yiwu ba ga dalili. Idan aka tambayi mutum ba a dawo masa da amsa ba, karo na gaba abin da yake ganin ana son ji zai rubuta. Kuma kar wanda ya faɗi gaskiya ya wayi gari da kwiri ko taransifa zuwa ƙauye mai nisa, don wannan tsoron shi ya rufe bakin da yawa.

Malamaina ku ma akwai naku. Idan aka buɗe wannan ƙofar a zo da hujja, rajista a cike tsakani da Allah, a san yara nawa ne ba sa iya karatu a kowane aji, kuma a yarda a sa makara da fashin wasu abokan aiki a cikin jerin matsalolin idan suna ciki, don iyaye suna gani.

Gwamnan Kano ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, wasu jihohin ma suna ta ƙara kason ilimi a kasafinsu, kuɗi za su ci gaba da fita ko mun yi magana ko ba mu yi ba. Roƙona ga duk wanda yake cikin SBMC ko yake zuwa taron PTA na iyaye da malamai, a zama na gaba kafin a fara maganar karo-karo ko wane ɗan majalisa za a je a roƙa, ya miƙe ya ce a ba malaman aji ɗaya zuwa uku dama su fara magana, kuma sakatare ya rubuta abin da suka ce. Wanda yake koyarwa a cikinku kuma dan Allah ya rubuta mana matsaloli ukun da suka fi damunsa a nan ƙasa, ba sai ya faɗi sunan makaranta ba.