Jitar Agadas ta zaga duniya, mu maƙwabta sai a waya muke jin ta

Ƙanena ne ya fara kamuwa. Yaron da ba ya sauraren komai sai waƙoƙin fim, kwatsam ɗakinsa ya koma fitar da wata ƙara kamar ana yankan ƙarfe a wurin masu walda. Na leƙa in yi faɗa, sai na tarar ya ƙura wa waya ido. Mutum huɗu ne a kan dandamali, da rawuna da dogayen riguna, na gabansu dogo ne bahago, ya rungume jitar lantarki yana yi mata yakushi. "Yaya, Mdou Moctar ke nan, ɗan Nijar ne fa," in ji shi. Na ce ya rage. Ba a yi kwana uku ba na koma da kaina ina cewa ya turo mini.

In ka ce wa Bahaushe kiɗan rok, abin da zai faɗo masa a rai shi ne Turawa masu dogon gashi suna tsalle suna ihu. Ba laifinsa ba ne, haka aka nuna masa. Ko a Najeriya, lokacin da wannan kiɗa ya yi tashe bayan yaƙin basasa, a kudu ya tsaya: ƙungiyoyin BLO da Ofege a Legas, Funkees daga gabas. Bai taɓa yin saiwa a Kano ko Zariya ba. Sai ga shi yau, in ana lissafin ƙungiyoyin rok da ake rububin kallo a Turai da Amurka, dole a ambaci na Nijar, mutanen da muke cin kasuwa ɗaya da su, waɗanda da yawansu Hausa ce harshen cinikinsu.

Asalin abin daga Abzinawa yake. A ƙarshen shekarun 1970, samarin da fari da rikici suka koro daga arewacin Mali suka taru a kudancin Aljeriya, daga baya a sansanonin Libiya, suka ɗauki jita suna kukan gida. Daga cikinsu aka sami Tinariwen ta Ibrahim Ag Alhabib, wadda kaset ɗinta ya riƙa yawo hannu da hannu cikin Sahara tun kafin wani kamfani ya san da ita, har ta kai ga cin kyautar Grammy a 2012. Amma kiɗan Tinariwen tafiyar raƙumi ne, a natse. 'Yan Nijar ne suka ɗora shi a kan babur. Bombino, ɗan yankin Agadas, ya ƙara masa sauri da zafi, kuma shi ne mawaƙin Nijar na farko da sunansa ya shiga takarar Grammy, da faifansa na 2018. Etran de L'Aïr kuwa 'yan gida ɗaya ne, tun 1995 suke kiɗan biki a unguwannin Agadas, irin bikin da ake shimfiɗa tabarmi a tsakar layi, a tayar da janareta, samari su kewaye da babura, ƙura ta tashi. Sun yi fiye da shekara 20 a haka kafin a buga faifansu na farko a waje.

Labarin Mdou Moctar ne ya fi tsaya mini a rai, domin akwai hannunmu a ciki. Ya taso a gidan da ba a son kiɗa, ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Da ya tashi yin faifansa na farko a 2008, Sakkwato ya zo. Ya shiga situdiyo irin namu, aka yi masa abin da ake yi wa kowane mawaƙi: kiɗan kwamfuta, da na'urar nan mai lanƙwasa murya har ta koma kamar ta aljani. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya, daga memori zuwa memori, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya ya sa a cikin wani tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar a 2011. Daga nan hanya ta buɗe. Shi kuma bai zauna a inda muka ajiye shi ba. Ya nemi mai ganga, ya nemi mai jita ta biyu da mai jitar bass mai kaurin sauti, suka yi ta buga biki bayan biki har hannayensu suka san juna. A 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar da faifansu.

Wannan shi ne abin da nake ji a kiɗan nan wanda na daina ji a namu: mutane suna kiɗa tare, a lokaci guda. Ka saurari yadda mai gangar Mdou, Souleymane Ibrahim, yake ƙara wuta a hankali, jita ta bi shi, ya sake ƙarawa, har waƙar da ta fara da tafiya ta ƙare da sukuwa. Ba wanda ya tsara wannan a kwamfuta. Mu ma da haka muke. Shata bai taɓa tsayawa shi kaɗai ba, yana da masu kalangu da 'yan amshi, in ya ɗaga murya su ɗaga, in ya ga fili ya yi zafi ya ja waƙa ta ninka tsawonta. Ɗan Maraya da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya yana iya riƙe taro. Yanzu fa? Yaro ɗaya da fiyano a situdiyo shi ne makaɗin mawaƙa hamsin, shi ya sa in ka ji waƙa goma sai ka rantse uwa ɗaya ta haife su. A wurin biki kuma mawaƙi ya zo da filashi, a kunna, ya riƙa motsa baki ana yi masa liƙi.

Na san abin da za a ce. Kiɗan Abzinawa ne, ba namu ba, ba ma jin harshen. To, Indiyanci muke ji da muka haddace waƙoƙinsu shekara da shekaru? Kuma ga Tal National a Yamai, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, da jitoci masu gudun tsiya da kalangu a tsakiya. Za a ce kuɗi: ɗaukar ƙungiya da kayanta ya fi ɗaukar mai kunna waƙa tsada. Wannan gaskiya ce, ba na musu. Sai dai Agadas ba ta fi Kano arziki ba, kuma can talaka ma yana kiran masu jita bikinsa. Abin da mutane suka ɗauka da daraja shi suke biya.

Ba kuma komai nasu nake yabawa ba. Wani lokaci Mdou yakan ja kiɗan jita shi kaɗai har kunne ya gaji, kamar yana biya wa Turawa buƙatarsu ta ganin gwaninta. Yadda jaridun waje ke laƙaba musu sunan Jimi Hendrix, gwanin jitar Amurka, ma yana ba ni haushi, kamar ba za a yaba wa mutum ba sai an jingina shi da wani nasu. Wanda ya san tende, turmin nan da matan Abzinawa ke rufewa da fata suna kaɗawa ana tafi, ya san daga inda bugun ya fito. Les Filles de Illighadad, matan wani ƙauye kusa da garin Abalak a Nijar, da Fatou Seidi Ghali a gaba, su ne suka fi nuna hakan a fili: tende ne tsantsa aka juye cikin jita. Kuma masu tsalle a dandalin Turai ba lallai su san cewa Mdou yana waƙa ne a kan ma'adinin yuraniyom na garin Arlit da aka shafe fiye da shekara 50 ana kwasa, alhali ƙauyuka na kwana cikin duhu ba.

Ƙanen nawa dai ya tara kuɗi ya sayi jita ta hannu, tsirkiya ɗaya ta tsinke. Ya zaga unguwarmu da maƙwabtanta bai sami mai koya masa ba, sai YouTube. Jiya na ji shi a soro yana lallaɓa wani bugun kalangu a kanta, abokinsa na buga masa jarka. Hajiya ta leƙo ta taga ta ce, "Ku dai ku bari a yi la'asar tukuna."