Wuƙar da Na Ƙera Saboda Babbar Sallah

Ana saura mako uku a yi Babbar Sallah ta shekarar 2019 na shiga kasuwar Sinnar, a ƙasar Sudan, domin in sayi wuƙar fawa, amma da mai wuƙaƙen ya faɗa mini kuɗinta, sai na ajiye masa abarsa a hankali kamar wanda aka miƙa wa jaririn mutane, na kamo hanyar garinmu Maiurno ina ta lissafi a cikin mota. Na taɓa zuwa Kasala, na tsaya a rumfunan maƙera na ga yadda suke mayar da tsohon sifirin babbar mota takobi, kuma a idona aikin bai wuce wuta da duka ba. Ban da haka, mu jikokin mutanen da suka taso daga Burmi ne bayan yaƙin da aka yi da Turawa a 1903, suka keto daji da takubba da masu har bakin kogin Nilu, don haka na ga abin kunya ne a ce jininsu ya kasa ƙera wuƙa guda. Abin da na manta shi ne kakana malamin allo ne, iyakar ƙarfen da ya taɓa riƙewa ita ce askar fiƙe alƙalami.

Na haƙa rami a bayan ɗakin girki, na shafe shi da yumɓu, na binne guntun bututu daga gefe domin iska. Uwar maƙerata wani dunƙulen ƙarfe ce da na ciro daga mataccen injin ban-ruwa, awartakina kuwa filaya ce wadda tsawonta bai kai taƙi ɗaya ba. Da yake ba ni da zuga-zugi, sai na aro na'urar busar da gashi a wurin ƙanwar matata mai gyaran amare, na ce mata wasu takarduna ne ruwan sama ya jiƙa. Gawayin ma na uwargida ne, wanda take dafa jabana, wato kofi, da shi, kuma da yake damina ta sauka sosai ya sha laima, sai da na cika unguwa da hayaƙi kafin ya yarda ya kama.

Darasin farko na same shi tun kafin a je ko'ina. Na bugi ƙarfen yana ja har jan ya dusashe ya koma baƙi, sai ya suɓuce daga filayar ya faɗi ƙasa, ni kuma na sunkuya na ɗauke shi da hannu, domin a tunanina abin da ya yi baƙi ya huce. Ashe ƙarfe yana daina haske tun yana da zafin da ya ninka na tafasasshen ruwa sau huɗu ko fiye. Rawar da na taka a tsakar gida ranar nan ko a bikin aurena ban taka irinta ba.

Yamma uku na yi ina duka da yatsu biyu a naɗe. Babu wanda ya gaya mini cewa idan ana sirantar da gefen kaifi ƙarfen miƙewa yake yi ta wannan gefen, ruwan wuƙar ya riƙa lanƙwashewa ta baya, sai ga shi abin hannuna ya fara kama da jinjirin wata. Maƙwabcina ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Sannu da aiki, Malam, tun yanzu ake shirya lauje, alhali dawar ko kai ba ta fitar ba?"

Sai aka zo kan taurara ƙarfen, inda nan ne ainihin ƙira take. Na karanta a intanet cewa a gasa shi har maganaɗisu ya daina kama shi, wato wajen digiri 770, a ɗan ƙara masa wuta kaɗan, sannan a tsoma shi a cikin mai. Na farke tsohuwar rediyo na ciro maganaɗisun lasifikarta. Batun mai kuwa na ɗauke shi almubazzaranci, na tsoma wuƙar a ruwan randa, sai na ji wani ɗan sauti ya ce "ƙas", kamar an taka busasshen kara. Da na ɗago ta, ga tsaga nan tun daga kaifi har gadon baya.

Na koma kan ragowar sifirin na sake ƙera wata. Wannan karon na yi biyayya, na ɗebo man riɗin da surukata ta aiko mana daga Gadarif na juye a gwangwani. Ina tsoma jan ƙarfen ina leƙen gwangwanin domin in ga yadda ilimi yake aiki, sai harshen wuta ya taso ya share mini gira ɗaya da gefen gemu. Ƙamshi ya gauraye gidan, uwargida ta fito da ludayi a hannu ta ce, "Malam, me kake soyawa ne ba ka kira mu ba?" Ta dubi gwangwanin, ta dubi fuskata, ta dubi na'urar ƙanwarta da bakinta ya narke ya manne da bututu, ta juya ba ta ƙara ko kalma ba, kuma wannan shirun ya fi mini ƙunar zafi.

Amma fa wuƙa ta yi tauri, har magagari zamewa yake yi a kanta. Saura mataki guda, a mayar da ita tanda a zafin digiri 200 na awa ɗaya ko biyu har ta ɗauki launin zuma, domin ta rage gautsi. Tandar tana cike da biskit ɗin Sallah, mai tandar kuma tana zaune a gabanta fuska a ɗaure, saboda haka na yanke wa kaina fatawa cewa wannan mataki na masu shakka ne. Na yi mata ƙota da icen bagaruwa, na wasa ta har tana aske gashin hannu.

Ranar Sallah na miƙa wa yayana ita a gaban rago. Ya jujjuya ta, ya dubi rabin girata, ya ce, "Ƙanena, ragon nan bai yi maka laifin komai ba," ya zaro tsohuwar wuƙarsa ya yanka. Da aka zo yanyana tsoka domin agashe, wato gasasshen nama irin tsire, kuwa, tawa ta riƙa shiga nama kamar ana yanka kabewa, yara suka kewaye ni, har uwargida ta ɗan saki fuska. Nan kaina ya kumbura, na jawo ƙashin cinya na ce kowa ya matsa, na ɗaga hannu na sara.

Ta tarwatse gida uku. Ƙotar ta rage a hannuna, guntu ɗaya ya kafe a ƙasa kusa da ƙafar yayana, na ukun kuwa kowa ya ji faɗuwarsa a cikin babban kwanon naman da aka riga aka barbaɗe da ƙuli da yaji, amma babu wanda ya gan shi. Wani dattijon maƙeri da ya shigo barka da Sallah ya karɓi guntun, ya duba wurin karayar ya ga ƙwayoyinsa manya kamar sukari, ya ce, "Ɗana, ka dafa ta ta wuce misali, sannan ka hana ta hucewa. Amma ƙotar ta yi kyau."

Haka muka zauna mu bakwai, liman na kiran Azahar, muna bin naman yanka-yanka da maganaɗisun rediyo, ƙanwar matata tana tsaye a kaina tana tambayar ko takardun nawa sun bushe.