Luka ya rame, to sai me?

Jiya da daddare a teburin mai shayinmu na Unguwar Rogo wani ƙanena ya ɗaga waya yana nuna mana hoton Luka Doncic, ɗan wasan ƙwallon kwando na Lakers, wai mu ga yadda ya rage ƙiba, saboda haka kofin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, na kakar 2025-26 yana aljihun Lakers. Har da buga tebur, shayina ya kusa zubewa. Na ce masa ƙanena zauna, ka sha shayinka tun da zafinsa. Amma abin ya kwana yana cina, shi ya sa na tashi da shi.

Lakers ba su da tsaron gida. Ko Luka ya rame ya koma kamar sillen kara, ba su da tsaron gida.

Ni na bi ƙungiyar nan tun zamanin Kobe, ba jiya na fara ba. Ranar wasa na biyar da Minnesota a zagayen kifa ɗaya ƙwala na 2025, ƙarfe uku na dare na tashi, ga sanyin Jos, na lulluɓe da bargo na jingina waya da filo don kar na tashi iyali. Da idona na ga Rudy Gobert, mutumin da duniya ke wa dariya wai bai iya cin maki ba, ya ci 27, ya kuma cafe ƙwallon da ta daki kwando ta dawo har sau 24. Minnesota sun yi jifa daga nesa sau 47, bakwai kacal suka shiga, amma duk da haka suka ci wasan 103 da 96 a gidan Lakers, suka sallame mu 4 da 1. Ƙungiya ta zubar da jifa 40 kuma ta doke ka? Ai wannan ba ƙibar Luka ba ce. Babu dogo a ƙarƙashin kwando, shi ke nan. Tun ranar da aka ba Dallas dogonmu Anthony Davis aka karɓo Luka a watan Fabrairun 2025 aka bar ƙofar a buɗe, cinikin Mark Williams, dogon da aka so a ɗauko, kuma ya rushe a gwajin lafiya. Koci JJ Redick ya rasa wanda zai yarda da shi, har a wasa na huɗu ya bar mutum biyar suka buga rabin wasan ƙarshe gaba ɗaya ba canji. Ka taɓa ganin haka a ƙungiyar da ke shirin ɗaukar kofi?

Na san me za ku ce: an kawo Deandre Ayton. To madalla. Shi aka fara zaɓa cikin sababbin 'yan wasan NBA a 2018, gaban Luka ma, ya je wasan ƙarshe da Phoenix a 2021, tsawo da hannu duk Allah ya ba shi. Amma Phoenix sun sallame shi, Portland kuma sun gwammace su biya shi ya tafi. Gida biyu ba sa rabuwa da mutum haka kawai. Ina masa fatan alheri har zuciyata, sai dai fata daban, abin da ido ya gani daban.

Marcus Smart? Gwarzon tsaron gida na 2022, ban musa ba. Wasa 54 ya buga a kakar 2023-24 da ta 2024-25 saboda rauni. Dorian Finney-Smith, wanda shi ne ke iya manne wa ɗan wasa kamar kaska, an bari ya tafi Houston. An toshe rami ɗaya an haƙa wani.

Masu cewa ai LeBron yana nan, ku ji tsoron Allah ku tausaya wa bawan Allah nan. A watan Disamban 2025 ya cika shekara 41, kakar 2025-26 ce kakarsa ta 23, babu wanda ya taɓa kaiwa haka a tarihin NBA. Wallahi ina girmama shi fiye da yadda kuke zato, kuma duk daren da ya fito fili ni'ima ce ga masu son wasan nan. Amma ka ce shi zai riƙa bin yara 'yan shekara 23 da gudu daga Oktoba har Yuni, ka zalunce shi. Luka da Austin Reaves kuwa, su zura maki ba matsala, su ci 120 ma a dare. Abokan hamayya za su ci 125. Kowa ya ga yadda Boston suka riƙa neman Luka su tunkare shi a wasan ƙarshe na 2024, alhali a lokacin yana Dallas, yana da dogaye biyu, Gafford da Lively, suna rufa masa baya. Yanzu wa zai rufa masa?

Ku dubi Oklahoma da suka ɗauki kofin 2025. Da me suka ɗauka? Da ƙwace ƙwallo, da matsi, da yara masu jini a jika waɗanda ba sa barin ka numfashi. Ga Denver da Jokic, ga Houston da Durant, duk a yamma ɗaya. Kallon kitse kuke wa rogo, 'yan'uwa.

Abin da ya fi ɓata min rai ma, a teburin nan babu wanda ya ambaci Gabe Vincent, ɗan Najeriya da ya buga wa Lakers, wanda ya ci maki 21 ranar da D'Tigers, ƙungiyar maza ta Najeriya, suka doke Amurka 90 da 87 a 2021. Haka a watan Agustan 2025 D'Tigress, ƙungiyar mata ta Najeriya, suka doke Mali a Abidjan suka ɗauki kofin Afirka karo na biyar a jere, na ɗauko zancen a wurin, aka ce min a miƙo sukari. Ku zo filinmu ranar Asabar da safe ku gani, duk yaron da ya riƙe ƙwallo sai ya ja baya ya jefa daga nesa, ba mai son lanƙwasa gwiwa ya tsare ɗan'uwansa. Kuma wanda ya ari famfon busa ƙwallonmu tun kafin Sallah, don Allah ya dawo da shi, mun gaji da zuwa wurin mai faci.