Takarda ba ta amsa tambaya

A Jamus inda nake zaune, maganar da ba ta hau takarda ba kamar ba a yi ta ba ce. Ma'aikaci zai yi maka bayani baki da baki har ka gamsu, sannan ya ce ka jira wasiƙa. Tsarin yana aiki, ban musa ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda wasu a nan ke kallon al'ummar da ta dogara da baka a matsayin wadda ba ta waye ba.

Rubutu kayan aiki ne kamar garma, mutum ya ƙirƙiro shi don biyan buƙata. Mutanen Uruk, a kudancin Iraƙi ta yau, sun fara shi wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, suna lissafin hatsi da dabbobi a kan allunan yumɓu. Sokiratis ma, masanin falsafa na tsohuwar Girka, bai amince da shi ba. A ganinsa zai kashe hadda, kuma in ka yi wa rubutu tambaya, abin da ya faɗa ɗazu shi zai maimaita maka. Abin dariya, da almajirinsa Aflaɗun bai rubuta ƙorafin ba, da ba mu ji shi ba.

Ita ma baka tana da nata dabarun. Kari da amsa-amo suna riƙe waƙa, in kalma ta faɗi kunne zai ji gurbinta. Malaman hadisi suna bin isnadi: wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji, yaya gaskiyarsa da ƙarfin haddarsa? Bayan yaƙin Yamama, da mahaddata da yawa suka yi shahada, Halifa Abubakar ya sa Zaidu bin Sabit ya tattara Alƙur'ani daga abin da aka rubuta da kuma ƙirazan mutane, kowanne yana yi wa ɗaya shaida. Har yau a bakin malami ake karɓar ijaza, wato izinin karantar da Alƙur'ani, domin tsawon madda da gunna sai an ji a kunne.

Damuwata ita ce saƙon murya da ake turawa daga zaure zuwa zaure a WhatsApp. Ba sa hannu irin na takarda, ba isnadi irin na baka. Wani ne ba ka san shi ba yake rantsuwa cewa ya ji daga majiya mai tushe, kuma kafin la'asar dubbai sun tura shi gaba.