Umarnin minista ba ya kare ƙasa daga masu haƙar ma'adinai

Duk lokacin da Amurka ta ce ta rufe wani yanki ga masu haƙar ma'adinai, sai mutane su yi ta tafi. A fara tambaya tukuna: da wace takarda aka rufe shi, kuma na shekara nawa?

Tushen matsalar dokar 1872 ce, wadda har yau tana aiki. Ta ba ɗan ƙasa damar kafa turaku a filin gwamnatin tarayya, taku 1,500 a tsawo da 600 a faɗi, kusan eka 20, ya yi rajista, ya riƙa biyan ɗan kuɗin shekara. Zinariya, tagulla ko yuraniyam da ya fitar, gwamnati ba ta karɓar kaso ko na sisi. Man fetur, gas da kwal ne dokar 1920 ta mayar tsarin haya mai biyan kaso.

Ku duba kewayen Grand Canyon, babban kwarin nan da ke jihar Arizona. A 2012 ministan cikin gida Ken Salazar ya rufe wajen eka miliyan ɗaya ga sababbin masu neman yuraniyam. Shekara 20 kawai, domin nan dokar 1976 ta tsayar da ikon minista, kuma wanda ya gaje shi yana iya warware ta. A Agustan 2023 Biden ya ayyana yankin wurin tarihi da dokar 1906, wadda ta ba shugaban ƙasa wannan ikon. Wannan ma ba na dindindin ba ne: a 2017 Trump ya zaftare kusan kashi 85 cikin ɗari na Bears Ears, wani irin wannan wurin tarihi a jihar Utah, sai 2021 aka mayar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk rufewar ba ta taɓa wanda ya riga ya riƙe haƙƙi. Mahaƙar yuraniyam ta Pinyon Plain ta samu izini tun 1986, tana tsakiyar yankin da aka ce an kare, kuma aiki take yi. Ramin ya huda ruwan ƙarƙashin ƙasa, dole a riƙa zuƙo shi da famfo ana zubawa a tafkin da rana ke busarwa. Ƙabilar Havasupai kuwa ruwan marmaro suke sha a can ƙasan kwarin, suna tsoron mahaƙar ta gurɓata shi, shi ya sa suka yi shekaru suna shari'a.

A ganina, dokar majalisa ce kaɗai ke rufewar dindindin. Ita ma a sa mata sharaɗi biyu: a binciki kowane tsohon haƙƙi a ga ko da ma'adini mai riba a ciki, sannan a ware kuɗin saye a rufe waɗanda suka tsallake binciken.