Kafin Ku Sake Fita Kan Titi

Matasa 'yan'uwana, babu mai cewa fushinku ba shi da dalili. Duk wanda ya ga yadda kuɗin mai da kwanon masara suka yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, ba zai tambayi abin da ya fitar da jama'a zanga-zanga ranar 1 ga Agustan 2024 ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda al'amarin ya ƙare a Kano. An fasa cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta ƙasa (NCC) an wawashe kayanta, an rasa rayuka, an sa dokar hana fita. Bayan wata uku sai ga yara ƙanana da aka kama lokacin zanga-zangar a kotun Abuja, wasu na faɗuwa don galabaita. 'Ya'yan talakawa ne, kuma tsadar da aka fita dominta tana nan.

Masana zamantakewar ɗan'adam sun daɗe suna nazarin halin taro. A 1895 wani Bafaranshe, Gustave Le Bon, ya ce mutum in ya shiga cikin cincirindo hankalinsa raguwa yake yi, zafin kai ya yi ta yaɗuwa daga wannan zuwa wancan. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma akwai raina talaka. Daga baya Amurkawa biyu, Ralph Turner da Lewis Killian, suka ce taro ba hauka yake yi ba. Mutane ne suka tsinci kansu a halin da ba su san abin yi ba, sai kowa ya zuba ido ya ga me na kusa da shi zai yi. Abin da 'yan tsirarun farko suka aikata shi ke zama ƙa'idar wurin, shirun sauran kuma a ɗauke shi a matsayin yarda.

Don Allah ku auna wannan magana da kyau. Yaron da ya fara jifa, ko ya fara ɓalle ƙofar shagon wani, ya zama jagoranku a wannan sa'a, alhali ba ku zaɓe shi ba, ko sunansa ba ku sani ba. Shirun da ka yi ƙuri'a ce ka jefa masa. Haka nan mutum biyar da za su ɗaga murya su ce "Kul! Ba wannan ya kawo mu ba" suna iya juya akalar ɗaruruwa. Saboda haka kada ka zo kana cewa taro ne ya ja ka. Mai shagon nan maƙwabcinka ne, kuma ranar hisabi kai kaɗai za ka amsa hakkinsa.

Sai batun kawo sauyi. A 1977 wasu masana biyu, John McCarthy da Mayer Zald, suka nuna cewa ɓacin rai kullum akwai shi a kowace al'umma. Abin da ke mayar da shi gwagwarmaya mai ɗorewa shi ne tsari, shugabanci, kuɗi, da mutanen da za su ba da lokacinsu. Mu kam mun ga wannan a gida. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950. Malam Aminu Kano da mutanensa suka bi gari gari suna buɗe rassa, suna wayar da kan manoma da 'yan kasuwa. An ɗaure su, an yi musu bulala, Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku. Sai a 1979, da jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Kusan shekara talatin ke nan ana abu ɗaya, da buƙatar da ko makiyayi a ruga ya san sunanta.

Ban ce ku naɗe hannu ba, Allah ya kiyaye. Amma in an sake kiranku ta Facebook ko TikTok, ku tambayi mai kiran: wane ne shi, zai fito tare da ku? Mece ce buƙatar, wa za a miƙa wa, wa zai zauna a teburin sulhu? Su wa za su tsare layi kada ɓata-gari su shigo, wane lauya zai bi waɗanda aka kama? In babu amsa, ku fara da ƙungiyar unguwarku ko ta sana'arku, ku yi rajista, ku riƙa tara ɗan abin da ya samu duk wata, ku kai koke a rubuce ga kansila da ɗan majalisarku, ku kuma bibiye shi har a ba ku amsa.